Maganin maƙoƙo da ƙwayar tazarar haihuwa: wanne zan ajiye?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 33, 'ya'yana uku, na yaye autan. Bara aka yi min aikin maƙoƙo, aka cire abin gaba ɗaya, aka ɗora ni a kan wata 'yar ƙwaya mai suna levothyroxine, mai lamba 100, kullum da safe. Na samu lafiya sosai. Wata huɗu da suka wuce muka yi shawara da maigida kan in ɗan huta da haihuwa, sai na sayi ƙwayar tazarar haihuwa a kemis ɗin unguwarmu, mai guda 28 a kati. Ina haɗa su in sha da shayina na safe don kada in manta. Da farko tashin zuciya da ciwon nono na yi, suka wuce. Yanzu kuwa kasala ce ba ta sakina, ina jin sanyi ana zafi, na ƙara ƙiba, gashina na zuba, bayan gida sai da ƙyar, ga ciwon kai jefi-jefi. Uwar mijina ta ce maganin tsarin iyali ne ya ɓata min jini. Wata maƙwabciyata da ke shan irin maganin wuyan ta ce in riƙa shan biyu. Ni kuma ina tunanin ajiye su duka jikina ya huta. Ki ba ni shawara.

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi.

Bari in fara da abin da ya fi ɗaga min hankali a wasiƙarki, wato maganar ajiye su duka. Ƙwayar tazarar haihuwa kina iya barinta duk ranar da kika ga dama, illarta kawai ciki na iya shiga. Ta wuyan nan kuwa, don Allah kada ki kuskura. Abin da likita ya cire miki a wuya, wanda ake kira tayirod, shi ne ke samar wa jiki sinadarin tayirokzin, mai riƙe da ɗumin jiki, bugun zuciya, narkewar abinci, har da kaifin tunani. Yanzu ba ki da shi, kuma ba zai sake tsirowa ba. 'Yar ƙwayar nan ita ce ta maye gurbinsa har ƙarshen rayuwa. Gishiri mai aidin ba zai yi miki aikinta ba, jiƙo ma haka, domin aidin kayan aiki ne da tayirod ke sarrafawa, ke kuma an cire mai sarrafawar. Abin da ke yaudarar mutane shi ne maganin na daɗewa a jini: sai ya yi kusan mako guda kafin rabinsa ya fita. Mace ta daina sha, ta yi kwanaki garau, ta ce ashe dama wahalar da kai nake. Bayan wasu makonni sai jiki ya fara mutuwa a hankali, fuska ta kumbura, murya ta dushe, barci ya yi yawa, idan aka bar shi ya yi nisa har suma yana kaiwa, irin wadda ba kowa ke farfaɗowa ba.

Shawarar maƙwabciyarki ma ki bar mata abarta. Daga mikirogiram 100, wato lambar da ke jikin ƙwayarki, zuwa 200 tsalle ne babba. Likita idan zai ƙara, yawanci mikirogiram 25 yake ƙarawa, wani lokaci ma rabin haka, sannan ya jira ya auna. Wanda maganin ya yi wa yawa zai ji faɗuwar gaba, rawar hannu, gumi, rashin barci da ramewa, idan kuma ya daɗe a haka bugun zuciya ya rikice, ƙashi ya yi laushi.

To me ke faruwa da ke? Ba zan iya yanke hukunci daga wasiƙa ba, jini ne zai faɗa. Amma labarinki ya yi kama sosai da wani abu da likitoci suka daɗe da sani. Yawancin ƙwayoyin tazarar haihuwa masu 28 a kati sinadari biyu ne a cikinsu, istirojin da furojestin. Ki duba jikin kwalin, idan kin ga an rubuta ethinylestradiol to istirojin ke nan. Istirojin ɗin da aka haɗiya ta baki, daga hanji hanta yake nufa kai tsaye, ya sa ta ƙara samar da wani furotin da aikinsa shi ne ya kama tayirokzin ya riƙa yawo da shi a cikin jini. Dama can fiye da kashi 99 cikin ɗari na tayirokzin ɗin jinin mutum a kame yake, ɗan abin da ya rage a sake shi ne jiki ke amfana da shi. Kamar kuɗin da kika zuba a adashe ne: naki ne, babu mai musu, amma ba za ki yi cefanen yau da shi ba, sai da wanda ke hannunki. Istirojin ya ƙara yawan abin da ke tafiya adashe, na hannu ya ragu.

Macen da tayirod ɗinta ke nan lafiya ba za ta ma san an yi ba, domin nan da nan zai ƙara aiki ya cike giɓin. Shi ya sa ƙawayenki ke shan irin wannan ƙwayar ba su ji abin da kike ji ba. Ke kuwa abin da ke shiga jininki a ƙayyade yake, 100 ɗin nan ce ba ƙari. A shekarar 2001 wani likita a Amurka mai suna Baha Arafah ya wallafa binciken da ya yi kan mata 25 masu shan tayirokzin da aka ɗora su kan istirojin bayan sun daina al'ada. Goma daga cikinsu awon jininsu ya nuna maganin wuyan ya daina isarsu. Matan da tayirod ɗinsu ke lafiya, da aka ba su irin istirojin ɗin, awonsu bai kauce ba. Ki lura, goma cikin 25 ne, ba duka ba. Don haka ba a ƙara magani da ka, sai an auna.

Lokacin da abin ya bayyana miki ma ya dace da wannan. Tashin zuciya da ciwon nonon da kika yi a farko na ƙwayar tazarar ne ita kaɗai, haka take yi wa mata da yawa, har da ɗigon jini tsakanin al'ada, kuma yawanci cikin wata uku suke lafawa, kamar yadda naki suka lafa. Amma jin sanyi ana zafi, taurin bayan gida, zubar gashi, nauyin jiki da kasalar da barci ba ya warewa, waɗannan muryar ƙarancin tayirokzin ce, kuma a hankali suke taruwa cikin makonni. Ina kyautata zaton idan kika tuna, ba a satin farko suka zo ba.

Awon da za ki nema sunansa TSH. Wani sinadari ne da wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke fitarwa don ta zaburar da tayirod. Idan tayirokzin ya yi ƙasa sai ta ƙara fitar da shi, don haka hawan TSH na nufin maganinki ya gaza, saukarsa sosai na nufin ya yi yawa. A yawancin ɗakunan awo daidai yana tsakanin 0.4 zuwa 4.0 ne ko kusa da haka, sai dai idan ciwon daji ne ya sa aka yi miki aikin, to likitanki na iya son ya riƙe shi ƙasa da haka da gangan, shi ya san ma'aunin da ya sa miki. A haɗa da awon tayirokzin na sake, wanda a takarda ake rubutawa FT4. Ki kula da wannan F ɗin. Akwai awon da ke ƙirga duka, na kame da na sake, shi kuma ga mai shan istirojin sama yake nunawa, sai wanda bai san kina shan ƙwayar ba ya ce miki maganinki ma ya yi yawa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da za ki faɗa wa likita gaskiya. Mata da yawa na jin nauyin ambaton tsarin iyali a gaban likita namiji, sai su lissafa masa komai ban da shi. Ki sa katin ƙwayar a jaka ki ajiye masa a tebur, ba sai kin yi dogon bayani ba.

Tunda gashinki na zuba, ƙila an riga an tallata miki ƙwayoyin gyaran gashi da fata. Da yawansu na ɗauke da biotin mai yawa, shi kuma yana rikita na'urar awon tayirod a wasu ɗakunan awo, sakamako ya fito kamar magani ya yi wa mutum yawa alhali ba haka ba ne. Idan kina sha, ki dakata aƙalla kwana biyu kafin a ɗebi jinin. Kuma tun da za a soka allura, a auna yawan jininki gaba ɗaya, domin ƙarancin jini ma na kawo kasala da zubar gashi, ga uwar 'ya'ya uku kuwa ba baƙon abu ba ne. Idan akwai ranakun da kika tsallake ƙwayar tazarar, a yi awon ciki tun farko.

Yanzu sai maganar shayin safe, wadda nake ganin tana iya ɗaukar rabin laifin. Levothyroxine magani ne mai tsirfa, ba ya son abokin tafiya a ciki. Ana shan sa da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a karya. Madarar da ke cikin shayinki na rage abin da hanji zai tsotsa, kofi ma haka, koko da kunu abinci ne su ma, awara da madarar waken suya kuwa an san su da wannan. Mafi sauƙi, ki ajiye shi da kofin ruwa kusa da shimfiɗa, kina tashi sallar asuba ki haɗiya, kafin ki idar ki hura wuta ki shirya yara lokacin ya cika.

Sannan ki ɗauko katin ƙwayar tazarar ki dube shi da kyau. A yawancin masu 28 da ke da istirojin, guda 21 ne ke da sinadarin hana ɗaukar ciki. Bakwai na layin ƙarshe, a katuna da yawa da ake samu a nan, launin ƙasa-ƙasa ne da su, kuma maganin ƙarin jini ne a ciki, za ki ga an rubuta ferrous fumarate. An sa su ne don mace ta ci gaba da sha kullum ba ta ɓata lissafi ba, ta kuma mayar da ɗan jinin da ta zubar a al'ada. Niyya mai kyau ce, amma sinadarin ƙarfen da ke cikinsu na manne wa levothyroxine a hanji ya hana shi shiga jini. Wato mako guda a kowane wata kina haɗiye maganinki tare da abin da ke toshe shi. Tsakaninsu ana son awa huɗu. Haka ma ƙwayar kalsiyam, wadda ake ba wasu bayan aikin wuya, da farin ruwan maganin ƙwannafi da olsa. Maganin wannan ba wuya: na wuya da asuba, na tazara da dare bayan isha'i, lokaci ɗaya kullum. Shan ta da dare ma na rage tashin zuciya. Sai dai raba musu lokaci zai gyara matsalar hanji ne kawai, aikin da istirojin ke sa hanta yi yana nan ko da awa goma sha biyu kika sa a tsakani.

In azumi ya zo, wasu na tashi da wuri su sha kafin sahur da rabin awa, wasu kuma su mayar da shi lokacin kwanciya, bayan awa uku da cin abinci na ƙarshe. Duk wanda kika iya riƙewa ya yi. Ki kuma nisanta shi da zafi da laima, kada ya zauna a kicin ko a mota ko bakin taga, zafin watan Afrilu na rage masa ƙarfi. Idan da hali ki tsaya kan na kamfani ɗaya, in dole ta sa aka canza miki ki faɗa wa likita.

Ciwon kan da kika ambata a ƙarshen jerin, shi ne ba na so ki jira da shi. Ƙarancin tayirokzin na iya kawo shi, ƙwayar ma na iya kawo shi ba tare da wata matsala ba. Amma ki tambayi kanki: na ɓari ɗaya ne mai sara? Kafin ya zo kina ganin walƙiya-walƙiya ko layuka masu zigizaga a ido, ko wani gefen ganinki ya dushe, ko leɓe da hannu su yi miki tsam kamar sun mutu? Idan amsar e ce, ki daina ƙwayar yau ɗin nan, ku koma kwaroron roba har ki ga likita, domin mai irin wannan ciwon kai istirojin na ƙara mata haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana a ba ta. Haka mai hawan jini: daga 140 bisa 90 an fi son a canza mata wata hanya, idan ya kai 160 bisa 100 kuwa an hana gaba ɗaya. Ina da tabbacin a kemis babu wanda ya ɗaura miki abin awo a hannu kafin ya miƙo miki katin, kuma wannan shi ne abin da ke ba ni haushi da yadda ake sayar da ƙwayar nan kamar alewa. Ki je a auna ki cikin makon nan, musamman da yake ƙarancin tayirokzin shi ma na iya ɗaga hawan jini.

Akwai kuma daskarewar jini a jijiya. Ba abu ne mai yawa ba, kada ki firgita. A ƙididdigar hukumar magunguna ta Tarayyar Turai, cikin mata 10,000 da ba sa shan ƙwayar kuma ba su da ciki, kusan biyu ne ke samunsa a shekara. Masu shan irin mai levonorgestrel, wani nau'in furojestin, biyar zuwa bakwai. Wasu sababbin nau'o'in na kaiwa tara zuwa sha biyu. Amma alamarsa ta cancanci ki sani: ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, musamman sha-raɓa, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ciwon ƙirji mai suka, ko tari da jini. Wannan asibiti ake nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne. Shekarar farko ta shan ƙwayar ce haɗarin ya fi yawa, ke kuma cikinta kike.

Wani abu da zai kwantar miki da hankali: maganin wuyanki ba ya rage wa ƙwayar tazarar ƙarfi. Masu yin haka su ne irin rifampicin na tarin fuka da wasu magungunan farfaɗiya kamar carbamazepine da phenytoin, kuma su ɗin suna hanzarta fitar da tayirokzin ma daga jiki. Duk ranar da aka rubuta miki ɗayansu ki ambaci magungunanki biyu.

Idan sakamako ya fito TSH ya hau, hanya biyu ce a gabanki. Kina iya ci gaba da ƙwayar, in dai hawan jini da ciwon kai ba su hana ba, likita ya ɗan ƙara miki na wuya, a sake awo bayan mako shida zuwa takwas. Mata da yawa na zaune lafiya a haka. Ko kuma ki koma hanyar da babu istirojin. Ni da ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta biyun zan nuna mata, saboda mace mai yara uku da hidimar gida, kuɗin awo da zirga-zirgar asibiti ba ƙaramin abu ba ne, gara a cire abin da ke motsa lissafin. Akwai ashanar hannu, mai shekara uku da mai shekara biyar, furojestin ne kawai a ciki, sai dai tana iya rikita al'ada. Akwai robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda babu istirojin ko furojestin ko kaɗan a jikinta kuma tana kai shekara goma, amma takan ƙara yawan jinin al'ada, don haka idan awo ya nuna jininki ya yi ƙasa sai an yi tunani. Akwai ƙaramar ƙwaya ta masu shayarwa, ita kuma ba ta yafe jinkirin da ya wuce awa uku. Allurar wata uku ma ba ta da istirojin, amma tunda ƙiba na damunki ba ita zan fara ambata miki ba, don ta fi sauran suna wajen ƙara nauyi, kuma bayan an daina takan ɗauki watanni kafin ciki ya samu. Duk waɗannan ana yin su a sashen tazarar haihuwa na asibitocin gwamnati, inda za a auna ki kafin a ba ki.

Game da Hajiya uwar mijinki, ba sai kin yi musu da ita ba. Ta ga kin canza ne ta damu, kuma ba ta yi nisa da gaskiya ba, ƙwayar na da hannu. Ki ce mata likita ya ce a auna jini a daidaita maganin wuya, ya isa. Maigida kuwa ya san komai dalla-dalla, tunda da shi aka yanke shawarar, kuma shi zai fitar da kuɗin awon.

Ki riƙe wannan don gaba. Idan aka ƙara miki maganin wuya saboda ƙwayar, ranar da kika daina ta furotin ɗin nan zai koma yadda yake cikin makonni, abin da aka ƙara ya zama ya yi miki yawa, don haka sai an sake awo bayan mako shida zuwa takwas ko a rage. In kuma haihuwa kuke so ku sake, a daidaita TSH tun kafin cikin ya shiga. Ciki na cika jini da istirojin fiye da kowace ƙwaya, kuma a watannin farko jariri da tayirokzin ɗin uwarsa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Mace irinki yawanci ana ƙara mata kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari da zarar an tabbatar da cikin, sannan a riƙa awo kusan kowane mako huɗu har tsakiyarsa. Kada ki jira ranar fara awon ciki a wata na huɗu ko na biyar kamar yadda aka saba. A makon da kika ga layi biyu a abin gwajin ciki, a makon za ki je wurin likitan da ke duba wuyanki.